Foraj a unguwarmu: bakin kori ko yamma?

Mushe Abdu: Assalamu alaikum jama'ar unguwa, na gida da na waje. Jiya bayan la'asar kwamiti ya zauna a ƙofar gidan mai unguwa kan maganar ruwa. Ga inda aka kwana: Alhaji Ilyasu da 'yan uwanmu da ke Libiya da Aljeriya sun ce za su ɗauki rabin kuɗin foraj, wato rijiyar da ake haƙawa da inji, in mu na nan Agadas mun haɗa rabi. Mai injin haƙa ya zo ya duba fili biyu. Ɗaya bayan makarantar allo, dab da bakin kori. Ɗaya can yamma, bayan filin ƙwallo. Ya ce na bakin kori ruwa kusa yake, na yamma kuwa sai an nutsa ƙwarai, kuɗinsa ya fi ninki biyu. Kwamiti ya fi karkata ga bakin kori. Kafin mu fara bi gida gida, muna son jin ta bakinku. Ban da zagi, ban da turo bidiyon da bai shafi ruwa ba.

Ibro: Mushe, da ni kake?

Mushe Abdu: Wanda ya tsargu.

Hajiya Zainabu: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin shawara a nan ba. Ku haƙa inda ya fi kusa, ya fi arha. Ku maza kuna barci muke tashi. Yau ma ƙarfe uku na dare na tada Fati, muka je pompon bakin kasuwa, muka tarar da bido, wato jarkar ruwa, ya fi hamsin a layi, kowa ya ɗora dutse a kan nasa ya koma gida. Muka zauna har kiran assalatu ruwa na zuba kamar zaren ɗinki. Bido huɗu muka samu, a gidan mutum goma sha ɗaya. Yarinyar ta tafi lakwal tana gyangyaɗi. A bakin pompo dala biyar, in ɗan garuwa ya kawo maka har gida da bazara sai ya ce dala ashirin, kuma sai ka roƙe shi. Shekara nawa muna jiran tiyo ya iso nan?

Alhaji Ilyasu: Hajiya ta gama magana. Mu kuɗinmu a shirye yake. Shekarata 14 a Sabha ta Libiya, na ga yadda ake yi da sahara. Tun 1984 Gaddafi ya fara aikin babban kogin nan na tiyo, ya jawo ruwa daga ƙarƙashin rairayi har Tirabulus da Bangazi. Ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya. Mu kuma rijiya guda ce ta tsaya mana a wuya.

Injiniya Musa: Ina gaishe da iyaye da yayye daga Yamai. Hajiya, abin da kika faɗa na san shi, a layin nan na girma. Amma ku yi mini haƙuri in ja magana kaɗan, don fili biyun nan ba ruwa ɗaya ke ƙarƙashinsu ba.

Na bakin kori ruwan korin Telwa ne. Telwa daga duwatsun Ayar yake saukowa, kuma a shekara kwanaki ƙalilan yake gudu, tsakanin Yuli da Satumba. In ya zo, wani ruwan ya wuce zuwa filin Irhazer, wani ya nutse cikin yashin da ke shimfiɗe a gindin korin. Abin da yashin nan ya sha shi muke ja har wata damina. Shi masu garka ke ja tun daga Dabaga, da Azel, har Alarsas. Ruwan saman da ke zuba a Agadas kanta, in aka yi matsakaicin lissafi, bai kai milimita 200 a shekara ba, saboda haka ba shi ke cika rijiyoyinmu ba, korin ne. Shekarar da bai yi gudu da kyau ba, kowa ya ji a igiyar gugarsa.

Ke nan foraj a bakin kori bai kawo sabon ruwa ba. Ƙwarya ɗaya ce, mun ƙara ludayi.

Na yamma daban ne. Garinmu a kan iyaka yake zaune: ta gabas da arewa maso gabas dutsen Ayar ne mai tauri, ba ya riƙe ruwa sai a tsaga. Ta yamma kuma dutsen yashi ne da ya nutsa ƙarƙashin yumɓun Irhazer, shi ke da ruwa mai yawa. Shi ya sa rijiyoyin da ke ba gari ruwan pompo aka kai su Kerbubu, can yamma nesa da gari, ake turo shi ta tiyo. Sai dai wancan tsohon ruwa ne, tun zamanin da sahara ke da ciyawa ya taru, abin da ke ƙaruwa a kansa kaɗan ne. Irinsa ne na Libiya da Alhaji ya ambata. Kuma ban ce lalle filin ƙwallonmu ya hau kan wannan dutsen ba. Sai an auna.

Ibro: Injiniya ya fara lacca, ku kawo kujeru.

Kawu Ahmadu: Ibro rufe baki. Musa, Allah ya yi maka albarka, abin da ke cina ke nan tun jiya na kasa faɗa a gaban mai unguwa. Garkata ba ta kai tafiyar minti goma daga filin da kuke magana ba. Lokacin mahaifina da raƙumi muke jan ruwa, takarkart, yaro na jan akala, guga na juyewa cikin kwami. Raƙumi na gajiya, rijiya ta huta da dare, da safe ka tarar ta dawo. Da injin ya shigo, kowa ya sayi nasa, yanzu har da masu aiki da tukunyar gas. Injin ba ya gajiya. Albasa ta yi kuɗi, kowa ya faɗaɗa. Ni kaina ina ciki, ban wanke kaina ba. Rijiyata gaba bakwai na gaje ta, yanzu goma sha ɗaya, sau uku ina sa a ƙara mata zurfi. A watan Mayu in na tada injin, kafin in sha shayi na biyu ya fara tari yana jan laka. In kuka kafa pompo mai ja tun safe har yamma a gefena, ku gaya mini da me zan shayar da tumatir.

Hajiya Zainabu: Kawu, da girmanka, amma tumatir da ɗan Adam wa ya fi?

Kawu Ahmadu: 'Yata, da tumatir ɗin nake ciyar da ɗan Adam goma sha bakwai.

Alhaji Ilyasu: Ruwa na Allah ne. Ba a taɓa hana mai ƙishi rijiya don maƙwabci yana da garka ba.

Kawu Ahmadu: Ban hana ba Alhaji. Na ce a duba.

Nana Mariyama: Ni ma ina da magana, ta ɓangaren aikina. Kafin a kawo ni Agadas na yi shekara shida a jihar Maraɗi. Duk ma'aikacin lafiya da ya zauna can ya san labarin Tibiri. A tsakiyar shekarun 1980 aka haƙa wa garin foraj mai zurfi, aka yi murna, ruwa garau ba wari ba launi. Ashe sinadarin fulorayid ya yi masa yawa, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. An yi shekaru ana sha kafin a gane. Ɗaruruwan yara ƙafafunsu suka lanƙwashe, haƙora suka yi ja. Na ga wasunsu da idona sun zama manya, suna tafiya ƙafa a gwame. Ido ba ya ganin abin, harshe ba ya jin sa, tafasawa ba ta fitar da shi. Don haka masu son na yamma kada su ɗauka zurfi shi ne tsabta.

Na bakin kori kuma nasa ciwon daban. Gidajen da ke kewaye da makarantar allo duk masai na rami gare su, ƙasar kuma yashi ce. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, a yashi ma gara a ƙara. Wa ya auna?

Mushe Abdu: Gaskiya ba a auna ba. Da ido dai, na gidan Malam bai kai haka ba.

Rabi'u: Ina biye da ku daga Kano. Nan unguwar da nake haya kusan kowane gida mai hali ya haƙa burtsatse a tsakar gidansa. Rijiyoyin talakawa na guga duk sun ƙafe, da rani masu burtsatsen ma wani sai ya sayi ruwa a wurin 'yan kura. Nan fa ana samun damina ta gaske. Ina ga Agadas.

Ibro: Burtsatse! Rabi'u ka zama Bakano. Foraj ake cewa.

Rabi'u: Ramin dai ɗaya ne.

Alhaji Ilyasu: To na ji. Bakin kori masai da garka, yamma guba. Sai mu naɗe hannu? Ku 'yan boko in aka biye muku ko rumfa ba a kafawa. Ni na tara mutane a nan, leburori ne da masu gyaran taya, kowa ya cire daga guminsa. In na koma na ce musu ana bincike, gobe ba wanda zai sake ɗaga wayata.

Injiniya Musa: Alhaji, ban ce a fasa ba, wallahi. Bari in yi lissafi a fili kowa ya gani. Mushe, gida nawa ne a rajistarku?

Mushe Abdu: 310 a ƙidayar da muka yi bara. An ƙaru tun daga nan.

Injiniya Musa: Mu ce 300, kowane gida mutum 8. Mutum 2,400 ke nan. In kowa ya samu lita 20 a yini, wanda shi ne ƙaramin abin da ake lissafawa na sha da girki da ɗan wanka, lita 48,000 ake nema kullum. Ban sa awaki ba, ban sa masu bulo ba. Pompon sola yana aiki da ƙarfinsa kamar awa 6 zuwa 7 a yini. Ke nan sai rijiyar da ke ba da lita 7,000 zuwa 8,000 a awa, kuma ta riƙe hakan a watan Mayu, ba a Oktoba ba. Shin mai injin ya yi muku alkawarin lita nawa a awa?

Mushe Abdu: Cewa ya yi ruwa zai fito insha Allahu.

Injiniya Musa: Zai fito. Ranar da aka huda za ku ga ya yi tsiri sama, a yi guɗa, a ɗauki bidiyo. Amma iskar kwampreso ce ke tura shi. Abin da ke nuna gaskiyar rijiya shi ne gwajin ja: a sa pompo ya yi ta ja ba tsayawa, a manyan ayyuka har awa 72, ana auna yadda ruwa ke sauka a cikinta da cikin rijiyoyin maƙwabta, sannan a kashe a ga cikin awa nawa ya dawo. A nan rijiyar Kawu za ta yi mana amfani, ita ce za ta faɗi ko mun taɓa masu garka. Kada ku sayi sola ko shato, wato tankin ruwa na sama, kafin wannan gwajin, don girman pompo daga sakamakon ake zaɓarsa. Kuma a rubuta a takardar yarjejeniya wa ke ɗaukar asara in rami ya fito busasshe ko ruwan zartsi. Yawancin rigimar da na gani daga nan take tashi.

Abu na biyu, ba a haƙa foraj na jama'a haka kawai. Akwai dokar ruwa ta 2010, sai an bi ta ofishin ma'aikatar ruwa ta jiha da ma'aikatar magajin gari. Amfanin zuwa can ma ya wuce takarda: suna da bayanan tsofaffin rijiyoyin da aka haƙa a kewaye, zurfinsu da abin da suka bayar. Wata amsar tana kwance a kabad ɗinsu.

Gwaggo Hadiza: Jikata ke rubuta mini. Ku tambayi Abdu ina pompon hannu da aka kafa mana bayan ambaliyar 2009. Shekarar da Telwa ya fasa ya shigo gari farkon Satumba, ya rushe gidaje, muka kwana a lakwal. Wasu masu taimako suka zo suka kafa shi, aka yanka rago. Shekara biyu muka sha. Wani ƙarfe ya karye a ciki, aka ce a kawo kuɗin da ake tarawa, aka buɗe akwati babu ko dala. Yana nan har yau, a jikinsa nake ɗaure akuyata. Ni ba rami nake tsoro ba, mai riƙe akwati nake tsoro.

Mushe Abdu: Gwaggo, lokacin ban shiga kwamiti ba.

Gwaggo Hadiza: Na sani ɗana. Wanda ya riƙe ma ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban kama suna ba.

Nana Mariyama: Ta tuna mini wani abu. Filin bayan makarantar allo ruwa bai hau shi ba a 2009?

Kawu Ahmadu: Har gwiwa.

Ibro: To ni yanzu da gaske nake. In an yi, kyauta za a sha ko saye? Don samarin fada suna cewa in sun ba da kuɗin haƙa ba za su sake biyan bido ba.

Hajiya Zainabu: Samarin fada da suka taɓa ɗaukar bido? A sayar. Dala biyar ɗin da muke biya a kasuwa mu biya a nan, ba wanda zai mutu. Amma akwati a hannun mata, mu da muka san zafin abin. Kuma ba akwatin katako ba, a buɗe asusu, sa hannun mutum uku, duk wata a karanta abin da ya shiga a gaban kowa.

Injiniya Musa: Hajiya ta fi ni iya tsari. A ƙara da kwanta a bakin shato, mai ƙirga lita. In kwanta ta ce lita 30,000 ta fita, kuɗin bido 1,200 ya kamata a gani, in bido mai lita 25 ne. Ba sai an rantsar da kowa ba. Sola ba ta shan gazuwal amma tana son hannu: ƙurar hunturu in ta rufe farantan ƙarfi ya ragu, sai an samu mai gogewa. Pompo kuma yashi ke kashe shi, wata rana dole a sake.

Sale: Salamu alaikum. Ni ne mai amalanken jaki da ke kawo ruwa layin su Hajiya. Ɗan uwana ya sa ni a nan. Na ga ana cewa muna tsawwalawa. Da bazara nakan yi awa huɗu a layi kafin in cika bido goma sha biyu, jaki sai na saya masa dusa. Mu takwas ne a unguwar nan. In foraj ya zo ba ma baƙin ciki, amma a ba mu baki ɗaya na masu amalanke, tsofaffi da masu jego ba za su iya ɗauka ba ko da a ƙofar gida yake.

Hajiya Zainabu: Sale ban ce kai ba. Kai kana mini bashi ma.

Alhaji Ilyasu: Musa, yi mini magana ɗaya wadda zan kai wa mutanena. Wanne?

Injiniya Musa: In ra'ayina kake so Alhaji, bakin kori ban yarda da shi ba ga mutum 2,400. Yana bin damina, masai na kusa, ruwa na hawa filin, ga rigima da masu garka da za mu gada. Yamma nake so, in awon ƙasa ya nuna akwai, in kuma gwajin ruwa ya fito lafiya. In bai nuna ba, akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata: a kai kuɗin nan wurin kamfanin ruwa a nemi a ja tiyo zuwa unguwa, a gina shato da zai cika da dare. Sai dai ka san gari ya kumbura. Ƙidayar 2012 ta ba Agadas mutum sama da dubu 110, daga 2014 zinariyar Jado da Cibarkaten ta jawo jama'a, unguwanni suka yi ta tsirowa. Wanda ke ƙarshen tiyo shi ke samun saura. A Damagaram an jawo ruwa daga rijiyoyin Gogo Machaya, an ƙara Arunguza, an ƙara Ganaram, har yau bazara ba ta zo musu da sauƙi ba.

Alhaji Ilyasu: Na ce magana ɗaya, ka ba ni uku.

Hajiya Zainabu: Kuma na yamma daga gidana ya fi pompon kasuwa nisa. Ku dai kun iya zaɓe.

Injiniya Musa: Rijiya a yamma, shato a tsakiyar unguwa, Hajiya. Tiyo ne zai yi tafiyar, ba Fati ba. Amma kuɗi zai ƙaru, ba zan ɓoye ba.

Alhaji Ilyasu: Rabin na bakin kori muka yi alkawari. Rabin na yamma sai na sake zama da su, ban san abin da za su ce ba. Kuɗin awon ƙasa dai ni zan biya daga aljihuna, kada a taɓa na jama'a. Amma wata biyu na ba ku. In azumi ya kama ba ku da amsa, ni na bakin kori zan goya wa baya, kowa ya ji.

Kawu Ahmadu: In ta kai ga haka sai mu hau gaban mai unguwa ni da kai.

Mushe Abdu: Ba za ta kai ba insha Allahu. Litinin ni da Nana za mu je ofishin ruwa mu nemi bayanan tsofaffin rijiyoyi. Karɓar kuɗi gida gida an dakatar. Hajiya, ki tara mata ku fitar da mutum biyu na asusu tun yanzu.

Injiniya Musa: Kawu, roƙo ɗaya. Duk Juma'a da asuba, kafin ka tada injin, ka saki igiya mai dutse a baki har ka ji ta taɓa ruwa, ka ƙulla a daidai bakin rijiya. Ibro ya zo da mita ya auna ya turo mini. In masu garka biyu ko uku za su yi haka, ya fi.

Kawu Ahmadu: Zan yi. Na gidan Bila ma zan gaya masa. Amma Ibro da asuba?

Ibro: Kawu a bar shi bayan sallar Juma'a mana.

Kawu Ahmadu: Ƙullin zai jira ka. Ka zo da mitar, ta Mushe ce ba taka ba, kada ka ɓatar.

Hajiya Zainabu: Tunda kowa na nan, wanda ya ɗauke bidona mai shuɗin zare a wuya daga layi daren jiya ya maido. Na san murfinsa.